Ido, alƙalin AI ko gwaji da aiki: da wanne za ka auna bayanin kayan aikin wakilinka?

Wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da ayyuka a madadinka ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji da ake ce wa kayan aiki, ba ya ganin cikin kayan aikin da ka haɗa shi da su. Ko wata guda ka kwashe kana rubuta manhajar da ke mayar wa mai saye kuɗinsa, abu uku kacal ke isa gare shi: sunan kayan aikin, 'yan jimlolin da ka bayyana aikinsa da su, da jerin guraben da za a cike kafin ya tashi. Da waɗannan yake yanke shawarar ko ya kira shi ko ya ƙyale shi, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023 haka siffar take, kuma ba ta sauya ba da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP a Nuwamban 2024, ƙa'idar da ake bi yanzu wajen haɗa wakilai da irin su Slack, GitHub da rumbunan bayanai. Saboda haka duk mai gina wakili sai ya iso gaɓar da zai so sanin ko bayanin da ya rubuta ya yi, kuma hanyoyin sanin guda uku ne ake yawan bi. Ko mutum ya karanta da idonsa, ko a ba wata manhajar AI ta ba shi maki, ko a saki wakilin ya yi aiki da shi a ga abin da zai faru. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma kurakuran da suke kamawa sun sha bamban.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi. A ce kana da kanti a intanet, wakili ne ke amsa masu saye ta WhatsApp, kuma cikin kayan aikinsa akwai na mayar da kuɗi. Galibi da Turanci ake rubuta irin wannan bayani, amma ga ma'anarsa. Na farko ya ce: "Yana mayar wa mai saye kuɗi." Gurabensa biyu, oda da adadi. Na biyu ya ce: "Yana mayar da kuɗin odar da aka riga aka biya, duka ko wani ɓangare. A yi amfani da shi bayan an duba odar an tabbatar an biya. Kada a yi amfani da shi wajen soke odar da ba a biya ba, wannan aikin na soke oda ne. Adadi da kobo ake rubuta shi, naira 5,000 ita ce 500000. Idan kuɗi sun fita ba a iya dawo da su." Kowa ya gani ya san na biyu ya fi. Wahalar tana zuwa ne idan bayanan biyu duk sun yi kama da na biyun, ko idan kayan aikin sun kai arba'in kana son sanin wanne ne a ciki ke rikita wakilin.

Karatu da ido

Wannan ita ce mafi araha, kuma mutane na raina ta fiye da kima. A jagorar da OpenAI ya rubuta wa masu gina manhaja akwai wani ma'auni mai sauƙi: ka miƙa wa sabon ma'aikaci abin da ka ba manhajar AI ɗin kawai, ba tare da ƙarin bayani ba, ka ga ko zai iya amfani da kayan aikin daidai. Duk tambayar da ya yi maka, amsarta ce ta ɓace a bayanin. Kamar sabon yaron shago ne da ka bar wa takarda ka tafi Jumu'a: abin da ba ka rubuta ba, ko dai ya tsaya ya jira ka, ko ya yi cinikin da hasashensa. Bambancin shi ne wakilin AI ba kasafai yake jira ba, hasashen yake yi, kuma da ƙarfin gwiwa.

Batun kobo ɗin nan ba ƙirƙira ba ne. Paystack, da masu kanti da yawa a Najeriya ke karɓar kuɗi ta kansa, da kobo yake karɓar adadi, kamar yadda Stripe ke karɓar dalar Amurka da santi. Idan bayaninka bai faɗi haka ba, wakilin ya rubuta 5000, mai saye zai ga naira 50 ta shigo masa. Idan kuma kayan aikin naka da naira yake karɓa, wakilin ya ɗauka kobo ne saboda ya saba ganin haka, to naira 500,000 ce za ta fita. Mai karatu da ya san harkar zai hango wannan cikin minti ɗaya. Haka zai hango gurbin da aka sa wa suna mai harshen damo, kamar "oda" da ba a san ko lambar oda ake nufi ko sunan kayan ba. Anthropic ma irin wannan shawarar ya bayar, cewa gurbi ya amsa sunan user_id ya fi ya amsa user kawai, kuma jagorarsa ta ce kada bayanin kayan aiki ya gaza jimla uku zuwa huɗu, wanda zai faɗi abin da yake yi, lokacin da za a kira shi, lokacin da ba za a kira shi ba, da abin da ba ya dawowa da shi.

Sharaɗin hanyar ɗaya ne, kada wanda ya rubuta ya zama shi ne mai karantawa. Marubucin ya san abin da ke cikin manhajar, don haka idonsa zai cike giɓin da kansa ba tare da ya lura ba.

Inda ido yake gazawa kuwa wurare biyu ne. Na farko, mutum bayani ɗaya yake karantawa a lokaci guda, wakili kuma duka yake gani a tare. Bayanin "nemo oda" zai iya zama tsaf, na "duba oda" ma tsaf, amma idan aka jera su sai wakilin ya rasa wanne zai ɗauka. Na biyu, manhajojin AI suna da ɗabi'un da hankalin ɗan Adam ba zai kawo ba. Lokacin da Anthropic ya ƙaddamar da kayan binciken intanet na Claude, manhajarsa ta AI, sun gano yana liƙa "2025" a ƙarshen abin da yake nema ko da ba a buƙata, hakan kuma yana karkatar da sakamakon. Da gyaran bayanin kayan aikin suka magance shi. Ba na jin akwai editan da zai karanta ainihin bayanin ya ce, "ku kula, zai riƙa ƙara shekara."

Alƙalin AI

A nan za ka rubuta ma'aunai, misali ko bayanin ya faɗi manufa, ko ya bayyana kowane gurbi, ko ya ambaci iyakoki, sai ka ba wata manhaja ta ba kowane bayani maki. Amfaninsa sauri ne. Idan kamfaninku na da kayan aiki ɗari uku da mutane daban-daban suka rubuta, cikin sa'a ɗaya za ka samu jerin waɗanda bayaninsu layi ɗaya ne, da waɗanda aka bar gurabensu tsirara.

Sai dai ni ban cika sakin jiki da makin ba. Masu binciken da suka gina MT-Bench da Chatbot Arena, ma'aunan gwada amsoshin manhajojin hira, sun nuna a 2023 cewa hukuncin GPT-4, manhajar OpenAI, yana dacewa da na mutane sama da kashi 80 cikin ɗari, amma a aikin nan dai suka lissafa son zuciyarsa: yana karkata ga amsa mai tsawo, yana karkata ga wadda ta zo a wani matsayi cikin jeri, akwai kuma alamun fifita irin rubutunsa. Amsoshin hira suka auna, ba bayanin kayan aiki ba, amma cutar son tsawo ta fi illa a nan. Alƙalin zai ba dogon bayani mai tsari maki tara cikin goma, alhali bai taɓa kiran kayan aikin ba, bai san cewa abin da aka rubuta ƙarya ne ba. Idan bayanin ya ce naira, manhajar kuma kobo take karɓa, alƙalin zai yaba da cewa an fayyace ma'auni. Kyawun rubutu yake aunawa. Ka yi amfani da shi wajen tankaɗe, kada ka ba shi hukuncin ƙarshe.

Gwaji da aiki

Wannan ita ce ke amsa ainihin tambayar, domin bayanin ba don a karanta shi a ji daɗi aka rubuta shi ba, don wakili ya yi aiki daidai ne. Za ka tara ayyuka irin waɗanda masu saye za su kawo, kowanne da sakamakon da kake tsammani, ka saki wakilin a kansu a muhallin gwaji inda kuɗin gaske ba sa fita, sannan ka ƙirga. Ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cike guraben daidai? Kira nawa ya yi kafin ya gama, kuskure nawa aka dawo masa da shi, tokin nawa ya ci? Tokin su ne guntayen kalmomin da ake lissafin kuɗin manhaja da su. Daga nan ka sauya jimla ɗaya a bayanin, ka sake gwajin, ka kwatanta.

Abin da ake ganowa ta wannan hanya yakan wuce gyaran jimla. A ƙarshen 2024 Anthropic ya bayyana cewa a lokacin da suke gina wakili don SWE-bench, jarrabawar gyaran kurakuran manhaja na gaske daga GitHub, sun ɓata lokaci a kan kayan aiki fiye da kan babban umarnin wakilin. Ɗaya daga cikin abin da suka gani shi ne wakilin yana kuskuren adireshin fayil idan ya bar babban kundin da ya fara aiki a ciki. Sai suka sauya kayan aikin ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya tafi. Wato wani lokaci gwajin zai nuna maka cewa ba ƙarin bayani ake buƙata ba, gurbin ne ya kamata a sake fasalinsa yadda kuskuren ba zai yiwu ba. A misalinmu, maimakon ka rubuta gargaɗi uku kan kobo, ka sa kayan aikin ya karɓi naira, ya yi lissafin kobo da kansa, ya kuma ƙi duk adadin da ya haura kuɗin odar.

Amma gwajin yana da tarkuna, kuma a nan ne masu farawa suke yaudarar kansu.

Ayyukan gwaji masu sauƙi ba sa nuna komai. "Mayar da kuɗin oda mai lamba kaza" kowane bayani zai ci wannan. Mai saye na gaske cewa zai yi an cire masa kuɗi sau biyu shekaranjiya, takalmin kuma bai yi masa ba, yana son a canja ɗaya a mayar masa da kuɗin ɗayan. Wannan sai an nemo odar, an duba biyan, an bambance canji da mayarwa. Idan kuma masu sayenka da Hausa za su yi magana, to da Hausa za ka rubuta gwajin, da irin rubutun WhatsApp ɗin da ba ƙugiya ba waƙafi, da lambar waya mai farawa da 080 alhali kayan aikin +234 yake so. Mai kanti a Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin aiki, domin abokin cinikinsa da dala zai ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, kuma wakilin ba zai san ya ninka ba sai an gaya masa.

Dole kuma a saka ayyukan da amsarsu ita ce kada a kira komai. Mutum ya tambayi ƙa'idar mayar da kuɗi kawai, bai ce a mayar masa ba. Bayanin da aka cika wa kalmomin tursasawa, irin su "dole ne a yi amfani da wannan a duk lokacin da aka ambaci kuɗi", zai ci duk gwajin da ke buƙatar kira, ya kuma jawo asara a wanda ba ya buƙata. Jadawalin BFCL, mai auna ƙwarewar manhajoji wajen kiran kayan aiki, na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, wanda ya fito a 2024, ya ware sashe na musamman don auna ko manhaja ta san lokacin da babu kayan aikin da ya dace.

Gwaji sau ɗaya ba gwaji ba ne. Manhajojin nan ba sa maimaita kansu daidai. Kamfanin Sierra ya fitar da jarrabawar tau-bench a 2024, inda wakili ke hidimar masu saye a kanti da kamfanin jirgin sama na kwaikwayo. GPT-4o bai ci rabin ayyukan ba, kuma da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere a ɓangaren kanti, nasararsa ta faɗo ƙasa da kashi 25. Lissafin ma kaɗai ya isa ya tsorata mutum: wakilin da ke dacewa sau tara cikin goma, damar ya dace sau takwas a jere kusan kashi 43 ce. Saboda haka idan bayani na farko ya ci ayyuka 17 cikin 20, na biyu ya ci 18, ba ka gano komai ba tukuna. Sai ka maimaita.

Sannan ka ɓoye wasu ayyukan. Idan kana gyara bayani kana kallon ayyuka ashirin ɗin nan kullum, a hankali za ka rubuta bayanin da ya haddace su. Ka ajiye wani kaso da ba ka duba shi sai a ƙarshe. Kuma kada ka tsaya kan maki, ka karanta ainihin zancen da ya gudana, kira bayan kira. Wakili zai iya kaiwa ga amsa daidai bayan ya yi kuskure huɗu ya gyara, makin ya nuna nasara, kai kuma ka biya kuɗin kira biyar.

BFCL da tau-bench da na ambata ba za su yi maka wannan aikin ba. Manhajoji suke aunawa da kayan aikinsu na kansu. Za su taimaka maka zaɓen manhaja, amma ba su san komai game da bayaninka ba.

Tsadar hanyar a fili take. Sai ka gina muhallin gwaji, ka rubuta ayyuka, ka biya kuɗin kira da dala, kuma ranar da ka sauya manhaja, ko kamfanin ya fitar da sabuwa, sai ka sake, domin jimlar da ta saita waccan za ta iya zama wuce gona da iri ga wannan.

Akwai wani tsaka-tsaki da bai kamata a rikita shi da alƙalin AI ba. A Yunin 2025 Anthropic ya ba da labarin wani wakili da suka keɓe don gwada kayan aiki: a ba shi mai matsala, ya yi ta kiransa sau da dama, ya ga inda yake tuntuɓe, sannan ya sake rubuta bayanin. Sun ce wakilan da suka yi aiki da sabon bayanin lokacin kammala aikinsu ya ragu da kashi 40. AI ne ya yi gyaran, amma da hannunsa ya taɓa kayan aikin kafin ya yi magana. Idan za ka sa manhaja cikin aikin aunawa, wannan kujerar za ka ba ta.

Abin da gwajin ba zai gani ba

Da wannan za a iya cewa gwaji ya yi nasara a rufe zance, amma akwai wurin da ido kaɗai ke aiki. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna kayan aikin MCP da aikinsa tara lamba biyu ne kawai, amma a cikin bayaninsa an cusa umarni cewa wakilin ya karanta fayil ɗin makullan sirri na kwamfutar, ya tura ta wani gurbi, kada kuma ya gaya wa mai ita. Mai amfani taƙaitaccen suna yake gani a allonsa, manhajar kuma tana karanta bayanin duka. Ka lura, irin wannan kayan aikin zai iya cin gwajinka tas, domin lissafin da zai dawo da shi daidai ne. Sun kuma nuna cewa mai saba (server, wato manhajar da ke samar wa wakili kayan aikin) zai iya sauya bayanin bayan ka riga ka amince da shi. MCP yana da alamomin da kayan aiki ke bayyana kansa da su, ko karatu kawai yake yi, ko yana iya goge abu, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su idan ba a yarda da inda suka fito ba. Don haka duk kayan aikin da ba kai ka rubuta ba, ka buɗe cikakken bayaninsa ka karanta har ƙarshe, ka ajiye kwafi, ka riƙa kwatantawa duk lokacin da aka sabunta.

To wanne za ka ɗauka?

Idan kayan aikinka ba su wuce biyar ba, kuma duk karatu suke yi, kamar duba farashi ko nemo oda, ba wani ya karanta maka, ka gwada ayyuka goma zuwa ashirin da hannu kana kallon kiran da wakilin ke yi. Ya wadatar. Gina babban tsarin gwaji a wannan matakin ɓata kuɗi ne.

Da zarar ɗaya daga cikinsu ya fara taɓa kuɗi, ko goge bayani, ko tura saƙo da sunanka, gwaji mai maimaituwa ya zama wajibi ko da kayan aikin ɗaya ne tal, kuma rabin ayyukan su kasance na lokacin da bai kamata a kira shi ba. A irin wannan ma ba zan bar wa bayani duka nauyin ba, sai in sa iyaka a cikin manhajar da neman amincewar mutum kafin kuɗi su fita.

Idan kuwa kayan aikin sun yi yawa, matsalarka ta tashi daga ingancin kowane bayani ta koma cunkoso. OpenAI yana ba da shawarar kada su kai 20 a gaban manhaja lokaci guda. Anthropic ya taɓa ba da misalin saba biyar masu kayan aiki 58 da bayaninsu kaɗai ya cinye tokin kusan 55,000 tun kafin mai amfani ya ce uffan. A nan shawarar "ƙara bayani" da shawarar "rage kaya" suke karo, kuma alƙalin AI, da yake son tsawo, zai tura ka ɓangaren da bai dace ba. Ka yi amfani da shi ya ware maka mafi muni, mutum ya duba masu kama da juna ya haɗe su ko ya fayyace iyakarsu, sannan ka gwada su duka a jere yadda wakilin zai gan su ranar aiki. Kayan aikin da ka ga ba a kira shi ko sau ɗaya ba a duk gwajin, ka cire shi ka sake gudanarwa ka ga ko makin ya motsa.